Tayil a Kan Tebur: Abin da Ke Zaunar da Shi da Abin da Ke Ɓamɓare Shi

Mai neman teburin da zai ɗauki tukunya mai zafi, ya sha ruwa bai lalace ba, a goge shi da tsumma ya koma fes, tayil yake fara tunawa. Masu shayi a Sakkwato suna son sa, masu sayar da abinci suna son sa, haka matan gida da suka gaji da fomika mai ɗagowa a baki duk lokacin da ruwa ya shiga ƙarƙashinta. Zaɓin nasu yana da hujja. Tayil yumɓu ne da aka gasa a wutar da ta haura digiri 1,000, saboda haka butar da aka sauke daga kan garwashi ba abin da za ta yi masa. Sai dai mai lura zai ga tebura da dama da aka yi wa wannan aiki ba su kai damina ta biyu. Layin da ke tsakanin tayil ya tsage yana zubar da gari, tayil na kusurwa ya ɗago, na tsakiya kuwa idan ka ƙwanƙwasa sai ka ji amon fanko. Kuma galibi wanda ya yi aikin ba ɗan koyo ba ne. Mutum ne da ya shimfiɗa falo da barandar masallaci, shekara da shekaru suna nan ko gezau.

Dalilin guda ne, sauran bayanin duk reshensa ne: daɓen ƙasa a zaune yake, tebur kuwa motsi yake yi. Mai tayil da ya ɗauko dabarun ƙasa ya hau da su kan tebur, komai gwanintarsa, ya bar abu mafi girma a baya.

Motsin farko na katakon ne da kansa. Ice yana shan laimar iska ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma a faɗinsa wannan ke faruwa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. A garin da iska ke da laima duk shekara abin bai cika tsanani ba. Mu nan kuwa, tsakanin watan Agusta, lokacin da gishiri ke jiƙewa a cikin gwangwani, da watan Maris, lokacin da wanki ke bushewa kafin a gama shanya, tazarar ta yi yawa ƙwarai. Teburin da aka haɗa da falankai, mai faɗin santimita 60, zai iya tsukewa da milimita da dama tsakanin damina da rani, wani icen ma ya doshi santimita guda. Ga kuma wani abu: yawancin katakon da ke zuwa kasuwanninmu daga Kudu ake kawo shi, sau da yawa bai gama bushewa ba. Kafinta ya saya ya haɗa tebur a makon, sai katakon ya ƙarasa bushewarsa a ƙarƙashin tayil. Shi kuwa tayil ba ya tsukewa, ba ya lanƙwasa. Idan abin da yake kwance a kai ya ja da baya, ɗayan biyu ne, ko ya saki ko ya fashe.

Motsi na biyu na amfani ne. Ana jan tebur, ana ɗaga shi ta gefe ɗaya, yaro ya hau ya zauna, a ɗora masa buhun shinkafa, a aje shi a tsakar gida inda ƙafa uku suka taka ɗaya ta rataya. Ido ba ya ganin lanƙwasar milimita ɗaya ko biyu, amma siminti yana jin ta. Na uku shi ne zafi, kuma ya fi shafar teburin walda. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yana miƙewa kusan rabin milimita, tayil kuma kusan rabin haka. Teburin ƙarfe da ke kwana a waje, ya sha sanyin asuba sannan ranar Afrilu ta gasa shi da azahar, kullum sai an yi wannan ja-in-ja tsakanin farantin da tayil. Yau ba komai, gobe ba komai, wata rana sai ka ga ya ɗago gaba ɗaya, bayansa tas ko ɗigon siminti bai maƙale ba.

Shi ya sa rabin aikin nan a hannun kafinta ko mai walda yake, tun kafin a buɗe katon ɗin tayil. Idan teburin katako ne, a manta da falankai a matsayin shimfiɗa. Filawud ake nema, mai kaurin milimita 18, wanda kafintoci ke ce wa inci uku bisa huɗu, kuma in da hali irin wanda aka yi don ya jure ruwa. Fifikon filawud shi ne an jera fale-falensa a gicciye, wannan ya riƙe wancan, don haka kumburinsa kaɗan ne. Allon da ake yi da niƙaƙƙen katako, irin na wardirof da kabad ɗin amare, sam bai dace ba: ranar da ruwa ya kai gare shi zai kumbura, kuma ba ya komawa. A ƙarƙashin filawud ɗin a gitta sanduna duk bayan santimita 30 zuwa 40, a ɗaure da sukuru maimakon ƙusa, domin ƙusa tana sakin jiki da daɗewa. Sannan a gwada: a danna tsakiya da ƙarfin gaske, a ɗaga kusurwa ɗaya a ga ko saman yana murɗewa. In yana murɗewa, a koma wurin kafinta. Kada a manta da nauyi ma. Tayil na ƙasa yakan kai kilo 20 a kowace murabba'in mita, ban da gam da allo, don haka ƙafafun da ke rawa tun yanzu ba za su daina ba bayan an ɗora musu kaya.

Ƙasan filawud ɗin da gefunansa a shafe su da fenti ko banish don kada su sha laima. Saman da za a manna wa tayil kuwa a bar shi tsirara. In tsohon tebur ne mai fenti ko folish, a kankare shi da samfefa har sai ice ya fito. Abin da ya fi kyau shi ne a ƙara allon siminti, mai kaurin milimita 6, a kan filawud ɗin, a shafa gam ɗin tayil a ƙarƙashinsa, a ɗaure shi da sukuru duk bayan santimita 15 zuwa 20. Allon siminti ba ya kumbura, kuma gam ɗin tayil yana kama shi yadda yake kama filasta. Teburin da zai zauna a waje ko wanda za a riƙa wankewa kullum, ni a ganina bai kamata a yi shi ba tare da wannan allo ba. Na cikin ɗaki yana iya tsira da filawud kaɗai, in an shafa masa ruwan share fage da ake sayarwa tare da gam, sannan aka yi amfani da gam mai tanƙwasa. Farin gam na kafinta ba ya maye gurbin wannan ruwa, domin yana narkewa idan ya jiƙe.

Teburin walda kuma, hanyar da ta fi aminci ita ce kada tayil ya taɓa farantin ƙarfe. A yi firam da ƙarfen angul, a shafe shi da fentin hana tsatsa, sannan ko a sa allon siminti a ciki, ko a zuba kankare mai kaurin santimita 4 zuwa 5 da wayar raga a tsakiyarsa. Teburin zai yi nauyi, amma ga mai shayin da ba ya ɗaga teburinsa daga inda yake, nauyin alheri ne. Sai dai sabon kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, saboda haka a ba shi makonni, ana yayyafa masa ruwa a kwanakin farko, kafin a ɗora masa tayil. Cikakken ƙarfin siminti a kwana 28 ake auna shi.

Yanzu sai abin da za a manna da shi, kuma a nan ne ake yawan gardama. Ka ce wa mai tayil a sayo gam, sai ya ce maka, “Alhaji, wanga aiki ai siminti da yashi sun ishe shi, da su muke yin gidaje.” Gaskiya ya faɗa game da gidaje. Mu Sakkwatawa mun daɗe da sanin siminti, tun 1967 ake yin sa a Kalambaina, kuma mun ga abin da ya gina. Simintin ba shi da laifi, aikin da aka ba shi ne ba nasa ba. Siminti da yashi yana kamawa ne ta hanyar shiga ƙananan ƙofofin abin da aka shafa shi a kai. A kan filasta yana samun ƙofofin. A kan katako, icen ne ke tsotse masa ruwa kafin ya kama, ga shi kuma ba ya jure lanƙwasa ko kaɗan. Gam ɗin tayil shi ma siminti ne, amma an haɗa shi da lallausan yashi da sinadarin da ke riƙe ruwa, mai kyau kuma an ƙara masa garin roba da ke sa shi ya manne ya kuma ɗan tanƙwasa. Buhunan da suka bi ƙa'idar ƙasa da ƙasa suna ɗauke da alama: C1 shi ne na gama-gari, C2 ya fi ƙarfin kamu, S1 kuma yana nufin yana jure motsi. Na tebur, C2 mai S1 ake nema. Ya fi tsada, amma tebur ɗaya kilo kaɗan yake ci, kuma araha ba ta ado.

Nau'in tayil ma yana da ta cewa. Siramik na bango, wanda bayansa ja ne, yana shan ruwa sosai, shi ya sa masu aiki da siminti ke jiƙa shi a baho kafin su manna. Fosilen kuwa, wato tayil mai tauri da aka fi gasawa sosai, abin da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, don haka siminti zalla ba ya samun inda zai kama a bayansa. Jiƙa shi ɓata lokaci ne. Idan da gam ake aiki ma, ba a jiƙa kowane irin tayil. A dai goge bayansa da ɗanyen tsumma, domin yakan zo da farin gari daga masana'anta, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan komai. Gam ɗin da ya kama ƙura bai kama tayil ba. Ga teburin abinci na fi son tayil na ƙasa, siramik ko fosilen, domin ƙyallin na bango yana saurin karcewa kuma bakinsa yana saurin ɓantarewa.

Kafin a kwaɓa komai, a jera tayil a bushe a kan teburin. Wannan ɗan lissafi yana ceton kuɗi da yawa. Ɗauki tebur mai ƙafa 4 da ƙafa 2, wato santimita 122 da 61, girman da kafintoci ke so saboda yana fita daidai daga allon filawud mai ƙafa 8 da 4. Tayil mai santimita 30 da 30 guda 8 za su rufe shi: huɗu a tsawo da layi uku na milimita 3 sun ba da milimita 1,209, biyu a faɗi da layi ɗaya sun ba da 603, abin da ya rage ɗan wuri ne a baki, ba sai an yanka ko ɗaya ba. Mai 60 da 60 guda biyu kacal ake buƙata, da layi ɗaya tal a tsakiya, kuma raguwar layi raguwar datti ce. Mai 40 da 40 kuwa zai zauna a tsawo, amma a faɗi dole a yanka. Wanda bai riga ya haɗa teburi ba, ya fara sayen tayil sannan ya ba kafinta awo. Idan yanka ya zama dole, a fara jeri daga tsakiya don guntayen gefe biyu su zo daidai, kuma a guji siririn yanki a baki, shi ne ke fara fita. A sayi ƙari kamar kashi 10 cikin ɗari, duk daga katon masu lamba ɗaya, saboda launi da girma suna ɗan bambanta daga gashi zuwa gashi.

Wasu suna son a haɗe tayil da tayil ba layi, wai ya fi kyau. Kyan na ɗan lokaci ne. Layin shi ne wurin da motsi ke samun sarari, kuma tsagar da ba ta kai a cusa mata komai ba, miya da ruwa za su same ta. Milimita 2 shi ne mafi ƙanƙanta, 3 ya fi ga teburin da rana za ta riƙa duka. 'Yan robobin tazara masu siffar alamar tarawa ba su da tsada, sun kuma fi tsinken ashana daidaito.

Wurin kwaɓi da mannawa ne yanayin Sakkwato ke shiga aikin kai tsaye. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma haɗuwar tana buƙatar lokaci. Idan rana da busasshiyar iska suka kwashe ruwan da wuri, abin da zai rage yana kama da siminti a ido, amma farce yana kankare shi. Yawancin masu yin gam suna rubuta cewa a yi aiki da shi tsakanin digiri 5 da 35, mu kuwa a bazara inuwa ma tana wuce 40. Minti 20 ɗin da ake cewa gam yana yi a shafe kafin ya yi fata, a ɗakin gwaji mai digiri 23 aka auna su. A unguwannin Sakkwato irin su Mabera ko Arkilla da ranar Afrilu kada ka sa ran rabin haka. Saboda haka a shigar da teburin inuwa tun daren jiya, a yi aikin da sassafe, a kashe fanka, a kwaɓa da ruwan randa maimakon na jarkar da ta yini a rana. A kwaɓa kaɗan-kaɗan, ruwa a fara zubawa sannan gari, gwargwadon awon da ke jikin buhu, har ya yi laushin tuwon da aka gama tuƙawa bai huce ba. A bar shi minti 5, a sake juyawa. Idan ya fara tauri a bokiti, a zubar. Ƙara masa ruwa yana maido da laushinsa amma ba ya maido da ƙarfinsa.

Cokali mai haƙora ake shafawa da shi, mai milimita 6 ga ƙananan tayil, 8 zuwa 10 ga manya. A fara dannawa da gefen da ba haƙora don gam ya shiga allon, sannan a taje shi layi-layi ta fuska ɗaya, ban da zagaye, domin iska ta sami hanyar fita idan an danna tayil. Babban tayil a shafa masa siririn gam a bayansa shi ma. A aje shi, a danna, a ɗan goga shi gaba da baya a gicciyen layukan. Na farko a ɗago shi a duba: in bayan bai rufe kusan duka ba, a gyara hannu tun yanzu. Dabarar nan ta ɗiga gam dunƙule biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, ita ce ke barin fanko, kuma a kan fanko ne tayil ke fashewa ranar da turmin ƙarfe ko murfin tukunya ya faɗo masa. Ruwa ma a nan yake taruwa ya ruɓar da ice. Bayan kowane tayil biyu ko uku, a ɗora miƙaƙƙen katako a kai a ga ko wani ya fi wani tudu. A ƙasa takalmi ba ya damuwa da milimita ɗaya, a tebur kuwa kofin shayi zai karkace. Gam ɗin da ya kunno ta layi a kwashe shi yana ɗanye.

Wurin yanka, ƙurar da giranda ke tayarwa daga tayil tana da ƙwayoyin yashi masu laushi da ke zama a huhu, kuma cutar da suke haddasawa ba ta warkewa. A yanka da injin karce-ka-karya, ko a riƙa zuba ruwa, a sa takunkumi da tabarau. Siminti kuma yana cin fata, a sa safar hannu. Yaran da ke koyon wannan sana'a da hannu tsirara, haƙƙinsu ne a kan iyayen gidansu a saya musu.

Sai a jira aƙalla awa 24 kafin a cike layi. Wannan cikon shi ne abin da ido zai riƙa gani kullum, shi ne kuma mafi rauni a duk teburin, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Abin da aka saba shi ne farin siminti zalla a kwaɓa shi ruwa-ruwa a shafe. Yana da illa biyu. Siminti zalla yana tsukewa sosai, don haka yana tsagewa, musamman a layi mai faɗi. Sannan yana shan duk abin da ya zuba: manja, zoɓo, shayi, miyar kuka, jinin nama. Cikin wata guda farin layi ya koma ruwan ƙasa, kuma tabon ya riga ya shiga ciki, gogewa ba ta kai masa. Garin cike layi da ake sayarwa a leda, wanda masu shago ke kira fila, an haɗa shi da abin da ke rage tsukewa, kuma yana zuwa launi-launi. Layin da bai kai milimita 3 ba, mai laushi ake sa masa. Wanda ya kai haka ko ya wuce, mai ɗan yashi a ciki. Ga teburin abinci a zaɓi ruwan toka ko ruwan ƙasa tun farko. Hajiya tana iya cewa fari ya fi haske, kuma gaskiya ne ranar da aka gama, amma ita ce za ta riƙa fama da shi da buroshi.

Akwai wani nau'i da ba siminti ba ne, efoksi, mai zuwa kashi biyu ko uku da ake haɗawa lokacin aiki. Ba ya shan ruwa, ba ya tabo, tsami ba ya cin sa. Ga mai shayi, mai sayar da abinci, ko teburin ɗakin shan magani da ake wankewa kullum, ba abin da ya kai shi. Yana da tsada, yana kuma saurin daskarewa a zafi, wanda ya bushe a fuskar tayil kuwa fitar da shi wahala ce babba. Wanda bai taɓa aiki da shi ba ya fara gwadawa a kan guntaye. In ba a same shi a shagunan gari ba, a sa a kawo daga Kano ko Legas.

Yadda ake cikon kuwa, a fara cire robobin tazara, a kankare gam ɗin da ya toshe layi har zurfin ya kai aƙalla kashi biyu cikin uku na kaurin tayil, a share ƙurar. A kwaɓa fila da kauri. Ruwa-ruwa yana da daɗin shafawa, amma duk ruwan da ya wuce ƙima ƙofa yake bari idan ya tafi. A tura shi cikin layi da roba mai faɗi. Guntun silifas da masu tayil ɗinmu ke yankawa yana yin aikin sarai, in dai mai tsabta ne. A riƙa jan robar a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, domin idan aka bi layin a miƙe robar tana faɗawa ciki ta kwaso abin da aka cusa. A danna da ƙarfi har ƙasa, kada ya zama saman kawai aka rufe. Daga nan sai a dakata. A rubuce minti 15 zuwa 30 ne, amma a nan yatsa ya fi agogo: idan ka taɓa layi ya yi tauri kaɗan bai bi yatsanka ba, lokacin gogewa ya yi. A matse soso sosai, a goge a karkace da hannu marar nauyi, a wanke soson, a riƙa canza ruwan. Mafi yawan layin da ke yin gari daga baya, a wannan mataki aka kashe shi da jiƙaƙƙen soso, sauri ya haifi nawa. Bayan awa ɗaya ko biyu wani farin hazo zai fito a fuskar tayil, busasshen tsumma yana ɗauke shi.

Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne rainon layin. A rufe teburin da ɗanyen zane ko leda, a riƙa ɗan fesa masa ruwa kwana biyu zuwa uku, a inuwa. Kada a ɗora masa kaya kafin kwana uku, kada a yi masa wankin gaske kafin mako. Bayan ya bushe, akwai ruwan toshe ƙofofi da ake shafa wa layi da ɗan buroshi. Yana rage shan tabo, ana kuma sabunta shi lokaci-lokaci.

Inda tayil ya haɗu da firam ɗin katako ko na ƙarfe, fila ba ta zama. Abu biyu ne masu motsi daban-daban, don haka layin nan na baki shi ne ke fara tsagewa, kuma ta nan ruwa ke gangarawa ga filawud. A bar tazarar milimita 3 zuwa 5, a cike ta da silikon, wato manne mai laushi kamar roba, mai launi kusa da na filar. Firam ɗin kuma kada ya fi tayil tudu, in ba haka ba teburin ya zama tire mai tara ruwa. Ya zo daidai da shi, ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan. Wanda ba ya son firam ɗin katako, akwai sandar alminiyam ta bakin tayil da ake sakawa cikin gam lokacin mannawa, tana kare baki daga ɓantarewa.

Wanki da ruwa da sabulu ya isa. Duk abu mai tsami yana cin layin siminti a hankali, ko lemun tsami ne ko tsamiya, balle ruwan asid da wasu ke wanke sabon tayil da shi. Kuma kada a taɓa haɗa asid da bilic, hayaƙin da ke tashi guba ne. Ba a sara a kan tayil: yana dakushe wuƙa, gatarin mahauci kuma yana fasa shi. Mai nama ya ɗora katakon sara a kai.

Idan matsala ta riga ta faru, yanayinta yana nuna tushenta. Tsaga miƙaƙƙiya da ta ratsa tayil biyu ko uku a jere tana nufin akwai gaɓar katako a ƙarƙashi da ke buɗewa, kuma canza tayil ɗin kawai ba zai hana ta dawowa ba. Tayil da ya fita da bayansa tas, ko gam ya yi fata kafin a aje shi, ko ƙura ce, ko siminti zalla aka sa wa fosilen. Wanda ya fita da gam a jikinsa ya bar allo tsirara, ba a shirya allon ba. Layin da ke gari idan an karce shi, ruwa ya yi masa yawa ko rana ta busar da shi da wuri; wannan ana iya kankare shi a sake, ba sai an taɓa tayil ba. In guda ɗaya ne ya fashe, a fara kankare layin da ke kewaye da shi duka, don kada bugun ya kai ga maƙwabtansa, sannan a fasa shi daga tsakiya a fitar da shi guntu-guntu, a kankare tsohon gam, a sa sabo daga ragowar da aka ajiye.

Akwai kuma teburan da ba su karɓar tayil ko da wane gam aka zo: na roba, na naɗewa, da mai siraran ƙafafu wanda ake ɗorawa a kura safe da yamma zuwa bakin kasuwa. Irin waɗannan, farantin ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi musu.